Muryar Yaya Sale a Hanyar Kongolam

Katsina

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na baro gida ranar Asabar, maigidana ya sauke ni a tasha. Kongolam na nufa, wajen addu'ar arba'in ta yayana Sale, direban da ke jigilar albasa da wake tsakanin nan da Nijar, wanda ya rasu a haɗarin mota. Shida saura kwata motar Daura ta cika muka tashi.

Mashi

Bakwai saura muka tsaya shan mai, na sayi ƙosai mai zafi. A nan wani dattijo da ke gidan gaba ya ɗauko zance.

"Yanzu a shingen gaba jami'ai waya suke karɓa," in ji shi. "In suka ga lambar Nijar, sai ka yi bayani. Ko ba su karɓa ba, duk abin da ka faɗa gwamnati na naɗewa."

Nan take na tuna abin da ke cikin wayata. Yaya Sale bai iya rubutu ba, saƙon murya yake aiko mini da layinsa na Nijar, shekara da shekaru. Rabinsu tsokana ce, rabi kuwa "kaya sun tsallaka" da "mun bi ta bayan gari". Na san albasa yake nufi, amma wa zai tsaya ya saurare ni? Ga maigidana ma'aikacin gwamnati.

Na kusa da ni ɗan kasuwa ne Inyamuri mai sayar da kayan gyaran babur a Daura, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya ga na ciro wayata zan goge saƙonnin.

"Hajiya, duk mako nake bin hanyar nan, ban taɓa gani ba. Ki bari mu isa tukuna."

Ban saurare shi ba. Kafin mu kai garin Dutsi na goge komai.

A shingen, jami'in ya leƙo ya ce, "Direba, buɗe but." Ya taɓa buhuna biyu, ya yi mana fatan sauka lafiya.

Kongolam

Takwas da rabi muka sauka Daura, na hau wata motar, tara da kwata ina gidanmu. An yi addu'a, an raba waina da gumba. Bayan azahar, da mutane suka ragu, Inna ta jawo ni ɗaki ta sakaya ƙofa.

"Binta, tasa wayar ta farfashe a motar. An ce ke yake yi wa magana kullum. Kunna mini in ji shi, ko sau ɗaya."

Na zauna a tabarma na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Daura

A Kongolam na kwana, a ɗakin Inna. Washegari ƙarfe goma ina shagon wani mai gyaran waya kusa da kasuwar Daura. Ya yi kusan awa yana lalube, ya miƙo mini.

"Hajiya, ba ki ajiye su ko'ina ba, sun tafi."

"Ba a ce gwamnati na naɗe komai ba?"

Ya yi murmushin tausayi. "In ma da gaske ne, wace ƙofa za ki buga?"

Har yau ban san gaskiyar zancen dattijon ba. A mota na kama kaina ina fatan ya zama gaskiya, ko muryar Yaya na ajiye a wani ofis.

Ƙarfe biyu da rabi na iso gida Katsina lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa bawan Allahn nan mai kayan babur, da ya faɗa mini daidai ban ɗauka ba. Tun daga ranar, duk wanda ya zo mini gaisuwa nakan tambaye shi ko Yaya Sale ya taɓa aiko masa da saƙo. Ina nema wa Inna.