Mai Dogon Farce a Gaban Jadawali

A ofishinsu da ke birnin Da Nang, Hanh ce ke ƙera jadawalin kwamfuta mai layi-layi da gida-gida, wanda kowa ke iya ja, ya faɗaɗa, ya jera yadda ya so. Yau wani mutum ya zo gwada shi, kuma ko shugaban ofishin bai faɗi sunansa ba.

Yana zaune kusa da ita, riga ta sha guga, ƙanƙarar shayinsa tana narkewa bai kurɓa ba. Farcen ƙaramin yatsansa dogo ne, irin na wanda bai san wahalar hannu ba. Hanh na zaton daga masana'antar ɗinki yake, don sunayen da ya kawo duk na mata ne. A ƙa'idar aikinsu da sunayen bogi ake gwaji, shi kuwa ya ƙi.

"Ƙanwata, ƙara mini gida ɗaya a gefe," in ji shi a hankali. "Na waɗanda suka yi magana a taro."

"Wane taro, Yaya? Me za a kira gidan?"

"Ba ya buƙatar suna. A ɓoye shi, amma ya iya jera su."

Aikin minti biyu ne, ita ce ta sha wahalar wata uku don ya zo da sauƙi haka. Ya sa wa waɗanda suka yi maganar alama a ɓoyayyen gidan, ya danna, sunaye goma sha ɗaya suka hau sama. Yana bin su da farcen, leɓensa na motsi.

Sai ya juyo da murmushi. "Kina da yawan tambaya. Yaya ma cikakken sunanki?"