Rabon Gidanmu a Jinga

Ƙauyenmu yana can arewa a bakin kogi, kuma in damina ta yi nisa ruwan ya fi gidajenmu tudu. Abin da ya raba mu da shi jinga ce ta ƙasa, wadda kakanni suka tara da kwando. Kowane gida da rabonsa a jikinta, daga wannan turke zuwa wancan. Kafin ruwan fari kowa zai fita ya toshe ramukan gafiya, ya ƙara ƙasa, ya daddaɓe. Ba a yi wa wani nasa. In ka taɓa rabon mutum, ka ce masa ba shi da ɗa namiji ke nan.

Lokacin ina aure a unguwar Briqueterie a Yawunde, maigidana mahauci ne. Shekarun kiriz ne, wato matsin tattalin arziki, an zabge wa ma'aikata albashi, mai sayen cinya ya koma tambayar ƙashi. A gida kuma auduga ta faɗi warwas, samarin ƙauyenmu suka yi ta gangarowa Yawunde. Yayana yana cikinsu, shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu. Ya samu keken ɗinki a wani shago kan hanyar Mokolo, nan yake aiki, nan yake kwana.

Saƙon Baba ta bakin masu rako shanu a jirgin ƙasa yake zuwa: a gaya wa yaron nan jinga tana jira. Duk ranar da na kai wa Yaya abinci sai na yi masa tsiya. Shi kuma ya ce sai bayan Salla, duk shekara wannan watan kaɗai yake ganin aiki, ga yadin mutane jibge. Gaskiyarsa ce, amma ni bakina ba shi da linzami. Na ce masa ya ci gaba da aiki a wuyan riga, kogi zai jira shi ya gama.

Da na ga haka, na aika wa Baba cewa ya bari ko yaran maƙwabta su kama masa. Mai shanun da ya dawo da amsa ko ido bai haɗa da ni ba.

"Ya ce yana da ɗa, yana hanya."

Wallahi ranar kukan haushi na yi. Tsoho mai tari, wanda ko buta sai an miƙo masa.

Sauran labarin daga bakin Inna na ji. Baba shi kaɗai ya yi aikin, kwando a ka, duk wanda ya wuce ya ce masa yana ɗan rage wa yaron ne kafin ya iso. Da ya gama ya kwanta, ƙirji ya riƙe. Ruwa kuwa ya sauka da wuri. Jingar ta ɓalle a rabon wani gida da mazansa duk suna nan Yawunde. Kowa ya ga tsagar tun rani, ba wanda ya iya sa hannu. Gero, rumbuna, ɗakuna, duk suka tafi. A kan ƙyaure aka ɗauki Baba zuwa makarantar da ke kan tudu.

Washegarin Salla Yaya ya hau jirgi. Ya tarar an riga an rufe Baba.

Ya dawo mana da Inna da ƙullin kayanta. A ɗakina, yana zaune bakin ƙofa, ya tambaye ta ko Baba ya neme shi. Ta daɗe tana murza gefen zanenta. Ta ce abu ɗaya ya tambaya, ko rabonmu na jinga ya tsaya. Ita kuma ta amsa wa Baba cewa ya tsaya, masu kwalekwale sun gan shi, ruwa gaba da baya.

"Sai ya ce, to, a gaya wa yaron ya zauna ya yi ɗinkinsa, an gama."