Damtsen Uba da Damtsen Ɗa

Tun da na yaye yarona hankalina bai kwanta ba. Idan ina masa wanka sai in zagaye damtsensa da yatsu biyu, in ga sun haɗe har da saura. Ban gaya wa kowa ba, don duk wanda ka gaya wa cewa zai yi haƙori ne.

Maigidana tela ne, shagonsa na hanyar jami'a a nan Dutsin-Ma. Ɗaliban da ke kawo masa ɗinki su suka koya masa ɗaga ƙarfe. Ƙarfen ma ba ƙarfe ba ne, siminti ne aka zuba a gwangwanin fenti biyu aka soka bututu a tsakiya. Kullum da safe yana tsakar gida yana nishi kamar mai naƙuda, in ya gama ya ciro tef ɗinsa na awo ya naɗa a damtse. Mutumin da ko bokitin ruwa bai taɓa ɗaukar mini ba.

Ranar da na kai yaron awo, malamar asibiti ta naɗa masa wani ɗan tef mai launi uku a hannu. Karatuna ba nisa, amma ina da ido. Bai tsaya a kore ba, a ruwan ɗorawa ya tsaya, dab da ja. Ta ce, "Maman yaro, kada ki yi wasa. Ki soya waken suya da gyaɗa, ki haɗa da gero a niƙa, ki riƙa dama masa."

Na dawo gida, na tarar da maigidan a kan tabarma da ƙulli biyu na wani gari a gabansa. Wai furotin, garin da masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙarin damtse. Mai sayarwa ne ya ba shi ɗanɗano, ya zaɓa kafin ya sayi babbar roba.

Ya ce, "Yauwa Hajiyata, zo ki dama mini. Wannan na waken suya ne, wannan kuma na wani koren waken Turawa. Ɗaliban nan sun ce na Turawan ba ya kumbura ciki, amma na suyan ya fi gina jiki. Ke me kika gani?"

Na ce, "Malam, an auna yaron nan. Sun ce ya rame."

"Gado ne. Ni ma haka nake ina ƙarami. Ki sa ruwan randa, ban da sukari."

Na dama. Na farkon ƙarnin ruwan awara yake yi, na biyun kamar an jiƙa alli. Ya kurɓi wannan ya lumshe ido, ya kuskure baki, ya kurɓi wancan, sai ka ce ango yana zaɓen shadda. Wannan mutumin fa, in na soya awara cewa yake abincin 'yan firamare ne. Ashe a roba mai hoton ƙato yake son ta.

Tef ɗinsa na rataye a wuyansa. Na zare, na naɗa a hannun yaron a gabansa, na danne wurin da farce. Ya duba, ya ce, "Ai wannan tef ɗin na manya ne." Daga nan ya zaɓi na suyan.

Washegari na goya ɗana na hau motar Kurfi, gidanmu. Inna ta karɓe shi daga bayana. Ta taɓa hannun yaron, ta tashi ta ɗebo gero da wake da gyaɗa. Tare muka soya aka kai inji. Da na ba ta labarin furotin, cewa ta yi, "To Allah ya ƙara masa ƙarfi. In damina ta faɗi ki turo mana shi huɗa."

Yanzu gari biyu ne a ɗakina, nasa a saman kabad inda kowa zai gani, na yaron a bokiti mai murfi. Wata safiya ƙamshin kunun ya kai masa, sai ga shi da cokali.

"Ɗan sam mini mana, wannan ai ya fi nawa daɗi."

Na ja kwanon. Na ce, "Na marasa damtse ne, Malam."

A awon da ya wuce tef ɗin ya taɓa gefen kore, bai shiga ba tukuna. Har yanzu ina gwadawa da yatsu wajen wanka. Damtsen maigidan kuwa ban ga abin da ya ƙaru ba, sai dai in ya sha garin nan mukan buɗe taga.

Kai da ke karanta wannan, in akwai ƙaramin yaro a gidanka, don Allah yau ka ɗaga rigarsa ka dubi hannunsa. In ranka bai kwanta ba, ka kai shi a auna, kada ka bar wa uwarsa ita kaɗai.