Mai Renon Ƙwayoyin Daji

Daga bencin asibiti inda take jiran sakamakon gwajin cutar daji da aka yi wa mijinta, matar wani direba tana hango wani mutum ta gilashin ƙofar ɗakin bincike. Dogo ne, gemunsa ya fara furfura, wuyan farar rigarsa ya sha guga har ya soma zarewa. Ɗakin ko taga babu. Yana ɗiga ruwan wani ganye cikin 'yan ƙananan faranti, bakinsa na motsi kamar mai lallashin jariri. A ranta ta ce, wannan ko abinci a tsaye yake ci.

Da ya leƙo shan iska, ta tare shi. "Malam, kashe cutar dajin kake yi?"

"A'a, baiwar Allah. Ƙwayoyin daji yara ne da suka ƙi girma, sai ɓarna. Ganyen nan sa su yake su balaga, su kama aiki, su tsufa, su mutu kamar kowa."

"To, a ba maigidana mana."

Ya sunkuyar da kai. "A kan ƙwayoyin da ke faranti kawai yake aiki tukuna."

Ya koma ciki, ƙofar ta rufe. Tana kallonsa yana ci gaba da ɗigawa, amma bakin nan ya daina motsi.