Rahamatu da Gero Lamba Sha Bakwai

A wani ɗan ƙauye bayan Birchi aka haifi Rahamatu, ita ce ta biyar a ɗakinsu, kuma ita kaɗai ta wuce sakandare. Mahaifinta, Malam Usaini, manomi ne da ƙuduji ya hana sakat. Ƙuduji ciyawa ce mai kyan fure, amma ta ƙarƙashin ƙasa take kama saiwar gero ta tsotse shi, sai ka ga kara ya tsaya iya gwiwa ya ƙi gaba. Tun tana firamare take bin kunya tana tuge shi har tafin hannunta ya yi kanta. Da ta samu shiga jami'a, fannin noma ta zaɓa. Ta gama, ta koyar a Kurfi, ta auri Abdullatif, wani tela a Dutsin-Ma, ta haifi 'ya'ya biyu, duk ba ta ajiye karatu ba har ta kai ga digiri na uku.

Abin da take bincike bai da wuyar faɗa: a cikin irin geron da tsofaffi ke ajiyewa a rumbu, akwai wanda ƙuduji ba ya iya wa? Rani guda ta yi a bayan babur, daga Dabawa zuwa rugage da ƙauyukan Kurfi, tana roƙon iri tafi ɗaya ɗaya, har ta tara kala ashirin da huɗu. Kowanne ta ba shi lamba a jikin murfin gwangwani da za ta kafa a kunyarsa. Farfesa Lawal, malamin da ke duba aikinta, ya ce sai an gwada su damina uku a jere a gona guda, kuma gonar da ciyawar ta fi yi wa katutu. Duk yankin babu kamar ta ubanta. Malam Usaini ya yi dariya ya ce yau ga ranar da ciwon gonarsa ya yi amfani.

Damina biyu suka wuce lafiya. Lamba sha bakwai, wanda ta samo wurin wani tsoho Malam Rabo a gefen Ɗantutture, ya tsaya kore shar a tsakiyar ƙuduji, ya fidda zangarniya cikakkiya duka shekarun biyu.

A ta uku ruwa ya sauka da wuri, ta shuka, sai ya ɗauke kwana ashirin da shida. Tsiron ya ƙone ƙurmus. Ta daɗe tana kallon kwalaben da ta ajiye ragowar iri, sannan ta juye su duka ta sake shuka. Wannan ce shekararta ta ƙarshe, don an riga an ƙara mata lokaci sau ɗaya sanda ta haihu.

Gero na fara fidda kai 'yan bindiga suka matsa wa yankin. Malam Usaini ya kwashe iyalinsa zuwa Kurfi. Hanya ta zama sai wanda ya ga ba makawa. Mako bakwai Rahamatu ba ta ga gonar ba. Abinci ya daina shigar mata, kullum tana kan waya tana neman wanda ya bi ta wajen.

"Ban yarda ki je ba," in ji Farfesa Lawal. "Digiri ake yi wa mai rai."

"Malam, ba digirin kaɗai ba ne. Babu sauran ƙwaya ko ɗaya a hannuna. In wannan ya tafi, ya tafi ke nan."

Abdullatif ma ya hana, ta yi ta roƙonsa kwana uku, har ya ce to, amma da ubanta za ta je, kuma kafin azahar su juyo.

Da hantsi suka isa. Tun daga nesa ta gane an riga ta. Karan duk a kwance, an yanke kawunan, murafen gwangwanin nan warwatse cikin ƙasa. Ta bi kunya kunya tana tsintarsu, ba ta ma san me za ta yi da su ba. Hudu, maƙwabcinsu da bai samu wurin gudu ba, ya ƙaraso yana sunkuyar da kai.

"Malama, mu ne. Ba zan ɓoye miki ba. Gonakinmu na nesa ba su shiguwa, yara sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Safiya ɗaya muka yanke."

"Kun ware su, Baba Hudu? Ko da kaɗan?"

"Wuri ɗaya muka tara. An sussuke, an ci fiye da rabi."

Ta zauna kan kunya. Yaran da ya ambata ta san su da sunayensu.

Gwaggo Inno, yayar ubanta da ta ƙi barin ƙauyen, ita ta aiko a kira ta. Daga ƙarƙashin gadonta tsohuwar ta jawo ƙananan dammuna bakwai, kowanne ɗaure da tsumma, da murfinsa a soke. Ta ji ana shirin yanka, ta riga su fita da 'yar wuƙarta. Rahamatu ta durƙusa tana juya murafen. Biyu, uku, biyar, shida, takwas, tara, sha ɗaya.

"Gwaggo, sha bakwai fa, na wajen tsamiya?"

"Ƙafata ba ta kai can ba, 'yar nan."

Farfesa Lawal bai yi mata faɗa ba. Ya duba takardunta ya ce za a iya rubuta kundin digirin da sakamakon shekara biyu, a taƙaita shi, wataƙila masu jarrabawa su karɓa. Amma abin da ta gani a sha bakwai zai tsaya a matsayin zato, tunda babu irin da wani zai sake gwadawa.

Daga nan ta shiga neman Malam Rabo, ko yana da sauran irin. Ƙauyensu ya watse. Da safe ta yi rubutu, da yamma ta bi kangwaye da gidajen da ba a gama ba inda 'yan gudun hijira suka raɓe, tana tambaya. Wata biyu ana tura ta nan da can. Wata ranar Laraba, a bayan kasuwar Dutsin-Ma, aka nuna mata matarsa, Turai. Tsohon ya rasu tun kafin kaka.

"Dami ɗaya muka fito da shi," in ji Turai. "Na irin ne, shi ya ce kada a taɓa. Na riƙe, na riƙe. Makon jiya na daka na ƙarshe."

"Inna, a ina kika sussuka?"

Tsohuwar ta nuna wani lungu bayan bulo. Kaji sun riga sun bi ta kai. Rahamatu ta tattare mayafinta ta durƙusa, ta dinga yaye ƙaiƙayi da yatsa, tana hurawa, tana tona tsakanin tsakuwa. Matan gidan suka tsaya suna kallonta, can biyu daga cikinsu suka durƙusa su ma. Har la'asar sakaliya, ƙwaya arba'in da ɗaya suka samu.

Ta shuka su a tsofaffin bokitai a bayan ɗakinta, ta kewaye da gidan sauro saboda tsuntsaye, tana ba su ruwan da take saye a kurar 'yan ga-ruwa. Tara suka tsiro, biyu suka mutu a mako na farko. Kundin yana hannun masu jarrabawa, ba su ba da rana ba tukuna. Gonar da za ta kai bakwai ɗin da suka rage, in sun yi iri, har yanzu ba ta same ta ba.