Kunyoyin da Kawu Ya Baje

Yau a ɗakin gwaji na ƙara wa iskar kabon da ke cikin bututun lesa, na'urarmu mai harba haske, matsi, sai ɗan gajeren haskenmu ya fito da ƙarfi, bai wargaje ba. Nan take na tuna Kawu, malaminmu na fizik, kimiyyar haske da motsi, a lakol, makarantar garin Gazawa.

Ranar da na ce zan bar karatun nan, gonarsa ya kai ni, ƙasa tana ƙamshin ruwan fari. Ya ja kunyoyi da yatsa, ya ce, "Ɗiyata, haka ƙarfin iskar cikin lesa yake, tudu da kwari. Gajeren haske tuntuɓe yake yi." Ya baje su da tafin hannu. "Matsa ta, hanya ta miƙe."

Kawu bai taɓa ganin lesa ba, a littafi ya san ta, amma bai kuskure ba. Allah ya haskaka kabarinsa.