Neman Asalin Ciroman Gidanmu

Mun tashi da asuba daga Magariya, ni da ƙanen mahaifina, zuwa wani ƙauye bayan Dungas inda aka haifi kakanmu. Maigarin ƙauyen ya rasu, kuma da yake Ciroma ake ce wa kakanmu, baffa ya kafe cewa mu ne magada, sai mun shiga takara. Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ba na son abin da zai haɗa mu faɗa da mutanen da muke auratayya da su.

Motar da muka samu ta ɗauko buhunan wake fiye da mutane. Dala ɗari uku na kuɗin sefa kowa ya biya, ban da turin da muka yi mata sau biyu cikin rairayi. An gama girbi, dammunan hatsi jere a gonaki. A Dungas muka sha fura mai sanyi, sannan 'yan kabu-kabu suka ƙarasa da mu a kan babura.

Aka kai mu wajen wani tsoho da ya yi zamani da kakanmu. Bai yi gaggawa ba. Ya ce sunayen nan daga Barno suka zo, tun Damagaram tana kai gaisuwa can: Galadima mai riƙe da yammacin daula, Kaigama shugaban mayaƙa, Ciroma kuma ɗan sarki da ake sa ran zai gaje shi. Baffa ya gyara zama yana kallona.

Sai tsohon ya ci gaba da cewa talakawa ma sun ari sunayen. Mahauta suna da galadimansu, maƙera ma haka.

"Kakanku Ciroma ne, ba ƙarya," in ji shi, "amma na Sarkin Aska. Shi ya koya mini wanzanci. Rabin mazan garin nan shi ya yi musu kaciya."

Sai baffa ya tambaya ko hannun mahaifin nasa yana da sauƙi. Tsohon ya ce bai taɓa jin wanda ya yi kuka da shi ba.

Da la'asar muka iso gida, na ji kamar an sauke mini dutse. Tafiyar ta koya mini cewa in an ce maka Ciroma, fara tambaya na wa, kafin ka aika a sayo rawani.